Ajiyar talakawa, bashin manya: Rayuwar aikin Uzoma Dozie a bankin Diamond

A watan Oktoban 2014 Alex Otti ya ajiye shugabancin bankin Diamond ya tafi neman kujerar gwamnan jihar Abiya. Bai same ta a zaɓen 2015 ba, sai a 2023 ta zo hannunsa. Kujerar da ya bari a Legas kuwa ba ta daɗe babu kowa a kai ba. Hukumar daraktocin bankin ta miƙa ta ga ɗaya daga cikin mataimakansa, Uzoma Dozie, wanda a lokacin bai wuce shekara 45 ba.

Abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne sunan. Mahaifinsa, Pascal Dozie, shi ya kafa bankin, don haka masu cewa gado ne kawai ba su sha wahalar samun hujja ba. Amma akwai wani abu da ya fi wannan zama baƙo a harkar bankunan Najeriya, wato ƙofar da ya shigo ta cikinta. Yawancin shugabannin manyan bankunanmu daga teburin manyan kamfanoni suke fitowa, ko daga sashen juya kuɗi da canji, ko sashen auna haɗarin bashi, kamar yadda Sanusi Lamido Sanusi ya fito kafin ya shugabanci First Bank a 2009. Shi kuwa Uzoma daga sashen ƙananan masu ajiya ya hau: ma'aikacin gwamnati mai jiran alat ɗin albashi, ɗalibi, mai tireda, mai sayar da atamfa. A cikin banki, wannan sashe shi ne na 'yan kiri, sauran kuma 'yan sari ne. Ɗan sari ciniki uku ya ishe shi a wata. Ɗan kiri kuwa sai ya wuni a tsaye yana ƙirga canji.

Me banki ke nema a wurin mai naira dubu biyar?

Amsar tana cikin farashin kuɗi. Banki sayen kuɗi yake yi ya sayar, kuma ba wanda ke sayar masa da arha kamar talaka. Attajiri ko babban kamfani idan zai ajiye biliyan ɗaya na wata uku, sai ya yi ciniki a kan kuɗin ruwa, ya kira bankuna huɗu ya ji wa ya fi tsoka, ranar da wani ya ɗara kuma ya kwashe abinsa. Mai asusun ajiya ba ya wannan. A dokar Babban Bankin Najeriya ta wancan lokaci, mafi ƙarancin abin da za a ba asusun ajiya shi ne kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan da Babban Bankin ya tsayar. Da ma'aunin ya kai 14 a Yulin 2016, abin da mai ajiya ke samu bai wuce 4.2 cikin 100 a shekara ba, kuma idan ya yawaita cirewa a cikin wata, ko wannan ma ya rasa. Asusun hada-hadar yau da kullum kuwa kusan kyauta ne ga banki. A daidai wannan lokaci takardun bashin gwamnatin tarayya na gajeren zango suna ba da abin da ya haura 15 cikin 100. Tazarar da ke tsakani ita ce ribar, tun kafin a lissafa kuɗin kati, kuɗin saƙon alat, kuɗin taransifa da naira 65 ta cire kuɗi a na'urar wani bankin.

Sai dai kuɗin talaka yana da nasa tsadar. Sai an gina reshe, an sa janareta, an ɗauki kashiya da mai gadi, an zuba kuɗi a na'ura, duk don mutumin da ajiyarsa ba ta kai kuɗin dizal na rana ɗaya ba. Duk aikin babban jami'in wannan sashe a kan tambaya ɗaya yake zagayawa: ta yaya za a kai ga mutum miliyan ba tare da an gina reshe dubu ba? Da wannan tambaya Uzoma ya yi suna.

Gidan da ya taso

Pascal Dozie mutumin Egbu ne kusa da Owerri, an haife shi a 1939, ya karanta tattalin arziki a Landan. An yi wa bankin Diamond rajista a Disambar 1990, ya fara aiki a 1991, a zamanin da tsarin SAP na gwamnatin Babangida ya buɗe ƙofa bankuna suka yi ta tsirowa. Da yawa daga cikinsu cinikin dala kawai ya kawo su, kuma ba su kai ƙarshen shekarun 1990 ba. Pascal ya kalli wani wajen: 'yan kasuwar Onica da Aba da Legas da ke hawa motar dare da kuɗi a cikin jaka, 'yan fashi na jiransu a hanya. Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Kano da kudu a waɗancan shekaru ya san wannan fargaba, ya san yadda ake ɗinke kuɗi a cikin buhu a jibge shi tare da kaya. Diamond na cikin bankunan farko da suka haɗa rassansu da kwamfuta, ta yadda mutum zai zuba kuɗi a wani gari ya karɓa a wani. Yau abin ba ya ba kowa mamaki. A lokacin, da yawa sai an jira kwanaki kafin takarda ta tashi daga wannan reshe zuwa wancan.

An haifi Uzoma a 1969. Ba harkar kuɗi ya karanta da farko ba, kimiyyar sinadarai ya yi a Jami'ar Reading da ke Ingila, ya ƙara digiri na biyu a wannan fanni a Landan, daga baya ya yi na gudanar da kasuwanci a Imperial College. Aikin banki kuma ba a gidan uba ya fara shi ba. Ya yi aiki a Guaranty Trust, sannan Citizens International Bank, kafin ya shiga Diamond a ƙaramin muƙami. Cikin teburan da ya riƙe da farko har da na kamfanonin man fetur da iskar gas, abin da mai karatu zai so ya riƙe a ransa, don zai sake ɓullowa. Ya riƙe sashen lissafin kuɗin bankin, ya zama babban darakta, ya kula da rassan Legas, a 2013 kuma aka naɗa shi mataimakin shugaba mai kula da ƙananan masu ajiya.

A tsakanin nan ne ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin bankuna. A Yulin 2004 gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ce duk bankin da ke son ci gaba da aiki sai ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Diamond ya shiga kasuwar hannun jari a 2005, ya kuma haɗiye Lion Bank mai tushe a Jos, wanda ya ƙara masa rassa a arewa ta tsakiya. Daga nan aka shiga tseren ajiya. Wannan ne zamanin da kalmar taget ta shiga bakin kowa: matasa sanye da kwat suna bin shaguna a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, suna durƙusawa gaban mai shago, "Alhaji, don Allah a taimaka mini da ajiya kafin ƙarshen wata, ko ta kwana uku ce." Alhaji ya taimaka, lissafin ƙarshen wata ya yi kyau a takarda, ranar huɗu kuɗin ya koma inda ya fito. Irin wannan ajiya ado ce kawai. Banki ba zai iya ba da rance a kanta ba.

Yadda ake sa kuɗi ya zauna

A 2008 Diamond ya fito da asusun DiamondXtra. Dabarar mai sauƙi ce: ka bar aƙalla naira 5,000 a asusu, sunanka ya shiga ƙuri'a, kowace ƙarin 5,000 kuma ƙarin dama ce. Kyautar da ta fi tashe ita ce wadda ake kira albashin rayuwa, naira 100,000 duk wata har shekara 20. Idan aka yi lissafi, abin da bankin ke rabawa ɗan kaɗan ne a kan abin da zai biya da a ce kuɗin ruwa ya ƙara wa kowa. Mutane kuwa sun fi jin daɗin mafarkin babbar kyauta a kan ƙarin naira ɗari biyu a wata. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya san halin ɗan Adam, ko da kuwa wasu za su ce ya san shi fiye da kima.

Aikin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne asusun BETA, wanda aka fara gwadawa a 2013 tare da ƙungiyar Women's World Banking, da tallafin ƙungiyar EFInA da kamfanin Visa. Kafin a tsara shi sai da aka shiga kasuwannin Legas irin su Balogun aka tambayi mata me ya hana su zuwa banki. Amsar ba rashin kuɗi ba ce. Reshen banki na iya kasancewa a bakin kasuwar, amma mai rumfa ba za ta rufe rumfa ta je ta bi layi na awa guda don zuba naira dubu biyu ba. Cinikin da za ta rasa ya fi abin da za ta ajiye. Ga fom mai shafi da yawa, ga neman takardar wuta da hoto da mai tsaya mata. Shi ya sa ta fi yarda da mai karɓar adashin kullum, wanda zai zo har gabanta, ya karɓa, ya sa alama a kati, a ƙarshen wata ya riƙe zubin rana ɗaya ladan aikinsa. Ta san yana iya gudu da kuɗin, wasu sun gudu, amma dai yana zuwa.

Sai bankin ya kwaikwayi mai adashi. Ya ɗauki wakilai da ake kira abokan BETA, kowanne da layin rumfunansa. Wakiliya za ta tsaya gaban mai sayar da yadi, ta gaishe ta, ta ɗauki hotonta da waya, ta rubuta suna da adireshi, cikin 'yan mintoci lambar asusu ta shigo wayar mai rumfa. Gobe ta dawo ta karɓi ɗari biyar, kafin ta kai rumfa ta gaba saƙon shaidar ajiya ya iso. Babu mafi ƙarancin abin da za a bari a asusu, babu cire zubin rana ɗaya. Abin da ya ba da damar haka shi ne sassaucin da Babban Banki ya yi a 2013, inda ya kasa tantance masu asusu mataki uku, aka yarda a buɗe ƙaramin asusu ba tare da tarin takardu ba, aka kuma fitar da ƙa'idar wakilan banki. Wani abin sha'awa, asusun da aka tsara domin mata sai maza 'yan kasuwa suka yi masa rubdugu, har matan ba su kai rabin waɗanda suka buɗe a lokacin gwajin ba. Ashe matsalar barin rumfa ba ta mata kaɗai ba ce.

A 2014 aka ƙara wani mataki da asusun Diamond Y'ello, haɗin gwiwa da MTN, kamfanin da Pascal Dozie ya daɗe yana shugabantar hukumar daraktocinsa a Najeriya. A nan ko wakili ba a buƙata kafin a buɗe: mai ƙaramar waya ya danna 'yan lambobi, layinsa ya zama asusu. Miliyoyi suka buɗe. A nan ya kamata a yi hattara da lissafin bankuna, don buɗe asusu daban, amfani da shi daban, kuma asusun da ba a taɓa zuba masa ko sisi ba shi ma ana ƙirga shi a jawabin taron shekara. Duk da haka, lokacin da aka zo sayar da bankin, alƙaluman da aka bayyana su ne masu hulɗa kimanin miliyan 19. Ga bankin da bai kai First Bank ko UBA yawan rassa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi kansa Uzoma ya sauya kamannin kujerar. Ana yawan ganinsa ba kwat ba taye, yana zama da matasa masu kafa kamfanonin fasaha, har yana gabatar da shirin hira da su mai suna Tech Turks. Manhajar bankin ta waya ta yi farin jini a wajen matasa. Ga wanda ke kallo daga waje a 2016, Diamond ne bankin gobe.

Ɗaya littafin

Amma banki littafi biyu gare shi, na abin da ya karɓa da na abin da ya bayar. Kuɗin mai yadi ba ga mai yadi yake komawa ba. A shekarun 2011 zuwa 2014, lokacin da gangar ɗanyen mai ke sama da dala 100, kamfanoni irin su Shell suna sayar da rijiyoyinsu na kan tudu ga kamfanonin gida, a Nuwamban 2013 kuma aka miƙa kamfanonin wutar lantarki ga 'yan kasuwa. Da bashin banki aka yi yawancin wannan saye, kuma da dala. Bankuna da dama suka shiga, Diamond ya shiga da ƙarfi idan aka kwatanta da girman jarinsa.

Uzoma ya hau kujera a daidai lokacin da farashin mai ya fara gangarowa. A lokacin da ya kama aiki kamfanin zuba jari na Carlyle daga Amurka ya sa dala miliyan 147 a bankin, alamar cewa masu ido ma ba su hango abin da ke tafe ba. Zuwa Janairun 2016 ganga ta faɗi ƙasa da dala 30. A Satumban 2015 gwamnatin Buhari ta tilasta asusun bai-ɗaya, kuɗin ma'aikatu ya fice daga bankunan kasuwanci ya koma Babban Banki. A Yunin 2016 aka saki naira daga 197 a kan dala, ta zarce 280 cikin kwana ɗaya. Ga kuma fasa bututu a yankin Neja Delta. Wanda ya ci bashin dala yana samun naira, ko yana da rijiyar da ba ta fitar da mai, sai ya daina biya. Rance guda irin wannan idan ya lalace yana share ribar da aka tara daga asusu dubu ɗaruruwa.

A lissafin shekarar 2017 Diamond ya yi asarar kusan naira biliyan 9. Aka fara sayar da kadara: rassansa na Benin, Togo, Senegal da Kwaddibuwa suka koma hannun rukunin NSIA, aka sa reshen Ingila a kasuwa. A Satumban 2018 Babban Banki ya ƙwace lasisin Skye Bank ya maye gurbinsa da Polaris, sai idanu suka koma kan wanda zai biyo baya. A Oktoba shugaban hukumar daraktocin Diamond, Oluseyi Bickersteth, da wasu daraktoci uku suka sauka. Kamfanonin auna ƙarfin biyan bashi suka rage wa bankin daraja, ga bashin dala miliyan 200 na kasuwar duniya da wa'adinsa zai cika a Mayun 2019. Bankin ya ajiye lasisinsa na ƙasa da ƙasa ya koma na cikin gida, domin a nan jarin kariya da doka ke nema kashi 10 ne maimakon 15. A Nuwamba Diamond da Access Bank suka musanta jita-jitar haɗewa. A Disamba suka tabbatar da ita.

Access Bank na Herbert Wigwe ya saya a kan naira 3.13 kowane hannun jari: naira 1 a hannu, da sababbin hannayen Access biyu a madadin kowane bakwai na Diamond. Ranar 1 ga Afrilun 2019 aka wayi gari alluna sun sauya. Access banki ne da ya ƙware a manyan kamfanoni tun da Wigwe da Aigboje Aig-Imoukhuede suka karɓe shi a 2002, abin da ya rasa shi ne taron jama'a da ajiya mai arha. A dare ɗaya ya zama bankin da ya fi kowanne yawan masu hulɗa a ƙasar, kimanin miliyan 29. Wato abin da Uzoma ya gina shi ne ainihin abin da aka saya, har sunan DiamondXtra ma Access bai taɓa shi ba.

Hukuncin da ake yi masa ya rabu biyu, kuma a ganina kowane ɓangare ya bar wani abu. Masu kare shi suna cewa bashin gado ya tarar. Gaskiya ne an ba da da yawa kafin ya zama shugaba, amma yana cikin manyan daraktoci a duk waɗannan shekaru, kuma ya san teburin mai tun yana ƙaramin jami'i. Ba baƙo ba ne a ɗakin. Masu suka kuma suna cewa ya shagala da manhaja da taron matasa gida na ci da wuta. Su ma sun manta cewa ba don wannan taron ba, da babu abin da zai sa wani ya zo da kuɗi ya saya. Masu hannun jarin Skye ba su tsira da komai ba. Na Diamond sun fita da wani abu, masu ajiya kuma ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Wanda ya yi babban rashi shi ne gidan Dozie, da sunan da suka gina shekara 28. Pascal ya rayu ya ga haka, ya rasu a Afrilun 2025.

Bayan Diamond

Uzoma bai nemi kujera a wani babban banki ba. A 2019 ya kafa Sparkle, bankin da ba shi da reshe ko ɗaya, sai manhaja a waya, da lasisin ƙaramin banki daga Babban Banki. An buɗe shi ga jama'a a 2020, a 2021 ya tara jarin dala miliyan 3.1 daga masu zuba jari 'yan Najeriya. Irin wannan lasisi ba ya barin a taɓa cinikin kuɗin waje, don haka ƙofar da ta kai Diamond ƙasa a rufe take tun daga doka.

Sai dai filin da ya shiga ya cika. OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda duk sun taso a tsakanin nan, wasunsu da jarin waje da ya ninka nasa sau ɗari. Kuma waɗanda suka fi cin kasuwa su ne waɗanda suka ɗauki darasin BETA, ba na manhaja kaɗai ba: suka sa mutum mai na'ura a ƙarƙashin lema a kowace kusurwa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da manhajojin manyan bankuna suka riƙa tsayawa, mai shayi da mai nama a Kano da Gusau zuwa ga waɗannan suka koma.

A arewa dai aikin da saura. Binciken EFInA na 2018, shekarar da Diamond ke kokawar numfashi, ya nuna kashi 62 cikin 100 na manya a arewa maso yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, alhali a kudu maso yamma kashi 19 ne. A binciken 2023 adadin arewa maso yamma ya sauko zuwa 47, duk da haka shi ne mafi yawa a ƙasar. Nisa na cikin dalilan, haka ma rashin takardun shaida kamar a Balogun. Akwai kuma ƙyamar kuɗin ruwa, wadda ba ta cikin tambayoyin da suka fi damun masu tsara asusu a Legas. Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, a kan wannan ya ginu, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Sai matar aure da ke sana'a a cikin gida, mai ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula, wadda ba ta da rumfar da wakili zai tsaya a gabanta, kuma sau da yawa lambar asusun mijinta ko ta ƙaninta take bayarwa idan mai saye ya ce zai yi taransifa.